Darasin manoma: ɗumin ɗiyan zabbi da ƴan tsaki, da abin da za mu koya wajen masu kiwon mesa



Akwai tambaya guda wadda ba ta rabuwa da ni duk inda na sauka, daga Kalfu zuwa Barmu, daga Afala zuwa Takanamat. Mata sun fi yin ta. Suna cewa: « Malam, kaza ta ƙyanƙyashe mini ɗiyan zabbi 18, kafin wata guda saura 4. Mene ne ke kashe su? » Wasu na cewa ciwo ne. Wasu na cewa baki ne. Wasu kuwa sun sallama, sun ce haka ɗan zabo yake, ba ya da wuyar mutuwa.

Ciwo yana nan, ban musa ba. Shirwa ma tana nan. Amma abin da na gani da idona a gidaje da yawa shi ne: kafin ciwo ya zo, sanyi ya riga ya karya su. Darasinmu na yau a kan ɗumi yake. Ku karanta shi a hankali, sa'an nan ku karanta wa waɗanda ba su samu shiga makarantar yaƙi da jahilci ba.

Labarin wata ƙaramar mesa

Zan fara da maciji. Kada ku yi mamaki, za ku ga inda na nufa.

A ƙasashen kudu da mu, kamar Benin da Togo da Gana, akwai wata ƙaramar mesa. Ba irin babbar mesar nan ba ce mai haɗiye ɗan akuya. Tsawonta mita 1 ne zuwa mita 1 da rabi, ba ta da dafi, abincinta kusu da ƙananan tsuntsaye. In ta ji tsoro sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta ɓoye kanta a tsakiya. Faransawa na kiranta python royal, watau mesar sarauta. A garin Wida na ƙasar Benin har ɗaki aka gina wa irinta, mutanen gargajiya na girmama su.

Kowace shekara ana kwasar dubban waɗannan macizai daga ƙasashen nan uku, ana kai su Turai da Amurka. Can mutane na sayensu su aje cikin akwatin gilashi a tsakiyar ɗaki, kamar yadda wani ke kiwon tantabara don sha'awa. Na san wani zai ce Allah ya kiyashe mu. Ni ma ban ce ku yi ba. Amma mutanen nan sun iya abu guda wanda ya kamata mu ara.

Maciji ba ya yin ɗumin jikinsa da kansa. In wuri ya yi sanyi, jikinsa ya yi sanyi. In wuri ya yi zafi, jikinsa ya yi zafi. Kun san ƙadangare: da hantsi za ku gan shi bisa katanga yana shan rana, da rana ta take sai ya koma inuwa. Ba wasa yake ba, zafin jikinsa yake gyarawa. Ita wannan mesa a daji tana wuni cikin ramin kusu ko cikin tsohon suri, inda zafi ba ya hawa da sauka da yawa. To, ƙasar Turai sanyi gare ta. In mai mesa ya bar akwati ya huce, macijin ya daina cin abinci, abin da ya ci ba ya narkewa, ciwon numfashi ya kama shi. In ya cika wuta, macijin ya ƙone ko ya mutu.

Saboda haka ga dabarar da suke yi. Ba su ɗumama akwatin duka. Gefe guda suke ɗumamawa, ya kai kamar digiri 31 zuwa 33. Ɗaya gefen su bar shi wajen digiri 25 zuwa 27. Kowane gefe da maɓoya. Macijin da kansa ke zaɓen inda zai kwanta. Ma'aunin zafi kuwa ba sa rataye shi sama, ƙasa suke aje shi, daidai inda cikin macijin ke taɓawa. Kuma suna haɗa abin ɗumin da wata ƴar na'ura mai kashe wutar lantarki da kanta in zafi ya kai iyaka, ta sake kunnawa in ya sauka. Da wannan kulawa mesa na yin shekara 20 har 30 a hannunsu.

Mu ba mu da wannan na'ura a ƙauye. Amma sauran dabarar duka muna iya yin ta da tukunya da zana.

Ɗan tsako ɗan uwan ƙadangare ne

Babbar kaza tana da murhunta a cikin jikinta. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, ya fi na mutum, wanda yake 37. Gashinta bargo ne. Shi ya sa take kwana bisa icce cikin ɗari ba abin da ya same ta.

Ɗan tsako ba haka yake ba. Ran da ya fito daga ƙwai, ba gashi gare shi ba sai ɗan laushin nan mai kama da auduga, kuma jikinsa bai iya riƙe zafi ba tukuna. Cikin makonni 2 na fari, kusan kamar ƙadangare yake: zafin wurin da yake shi ne ke mulkin jikinsa. Sannu sannu jikin ke koyo, amma sai gashi ya rufe shi, wajen mako 5 zuwa 6, zai iya zama ba taimako. Ɗan zabo ya fi ɗan kaza ƙanƙanta, don haka ya fi saurin hucewa. Ku duba da fura: wadda ke cikin ludayi ta fi wadda ke cikin ƙwarya saurin ɗaukar zafin rana ko sanyin iska. Ƙaramin abu ba ya riƙe zafi.

Ga abin da ke faruwa in sanyi ya kama shi. Ya daina neman abinci, ya takure. Ɗan abincin da ya ci, maimakon ya zama nama, sai ya ƙare wajen yaƙi da sanyi. Akwai kuma sauran gwaiduwa cikin cikinsa, wadda ita ce guzurinsa na kwana 2 zuwa 3 na fari. In sanyi ya taɓa shi, gwaiduwar ba ta narkewa da kyau. Bayan kwana kaɗan sai ku ga zawo ya manne a gindinsa, fukafukai sun zube. Mai shi ya ce ciwo ya shigo. Alhali ƙofar da ciwon ya bi, daren nan guda ne da aka yi ruwa da iska.

Ga zafin da ake bukata a gefen ɗumi, an auna shi ƙasa, daidai bayan ɗan tsako:

Mako na 1: ƴan tsakin kaza digiri 33 zuwa 35, ɗiyan zabbi 35 zuwa 37.
Mako na 2: a rage kamar digiri 3.
Mako na 3: a ƙara rage 3.
Mako na 4: a ƙara rage 3, a ci gaba haka har zafin gefen ɗumi ya yi daidai da na ɗaki.

Yanzu ku gwada da yanayin ƙasarmu. A Tawa, cikin Disamba da Janairu, da rana zafi na kai digiri 30 ko ya ɗara, amma da asuba yana sauka wajen 15. In aka yi arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, ko cikin kwari inda sanyi ke kwanciya, ya fi haka sauka. Ɗan tsakon da ke son 35 yana kwana cikin 15: bashin digiri 20 ke nan kowane dare.

Wani zai ce: ai zabbi da damana suke ƙwai, ba cikin ɗari ba. Gaskiya ne, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Cikin Yuli da Agusta, dare a Tawa wajen digiri 23 ko 24 ne. Ga mutum wannan daɗi ne, har ya kwana waje. Ga ɗan zabo mai kwana 3 kuwa, ya gaza da digiri 12. In hadari ya taso, iska na zuwa gaban ruwa, zafi ya faɗi cikin ɗan lokaci. In kuma jikinsa ya jiƙe, magana ta ƙare, domin jiƙaƙƙen gashi ba bargo ba ne, randa ce: yadda raɓar bayan randa ke sanyaya ruwan ciki, haka ruwan jikinsa ke janye zafinsa. Ɗan zabon da ya bi ciyawa mai raɓa da sassafe, cikin awa guda yana iya sandarewa.

Kaza ta fi kowane murhu

Kafin in yi maganar tukunya da gawayi, bari in faɗi gaskiya: wanda ke da kaza mai kyakkyawan reno ba ya bukatar wuta. Ƙarƙashin fiffikenta ne gefen ɗumi, waje kuma gefen sanyi. Ɗan tsako ya fito ya yi tsince, ya ji sanyi ya koma. Daidai dabarar masu mesa ke nan, Allah ya riga ya shirya ta.

Laifinmu biyu ne. Na fari, muna cika mata ƙwai. Ƙwan zabuwa ƙanana ne, sai mutum ya jera mata 25, yana murna. Waɗanda ke baki ba su samun ɗumi, su lalace. In ma sun ƙyanƙyashe, bayan mako 2 sun yi girma, fiffike ba ya rufe su duka, kowane dare akwai masu kwana waje. Ƙaramar kazarmu ta gida, ƙwan zabuwa 12 zuwa 15 sun ishe ta. In kuna so ku haɗa da ƙwan kaza, ku tuna na kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28. Sai ku sa na kaza bayan mako guda, su fito tare.

Na biyu, muna sakin ta da asuba. Kaza yunwa take ji, ta nufi bayan gida cikin ciyawa, ɗiyan na biye da gudu. Ku riƙe ta cikin akurki har rana ta ɗaga, raɓa ta bushe. In hadari ya haɗu, abu na fari da za a kama a shigar ɗaki shi ne kaza da ɗiyanta, kafin shanya. Mafi kyau ma, makonni 3 zuwa 4 na fari kada su fita yawo ko kaɗan: a yi musu ɗan shinge, a kawo musu abinci da ruwa. Wannan ya raba su da shirwa kuma.

Ɗakin reno

Wani lokaci kaza ta mutu, ko ta watsar da ɗiyan, ko mutum ya sayo ƴan tsaki 50 na injin ƙyanƙyasa daga birni. A nan ku ne uwa.

Ku fara da zaɓen ɗaki. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi kowane. Bangon ƙasa na shan zafin rana a hankali, da dare ya riƙa sakinsa a hankali. Abin da ke sa ramin kusu da suri su yi wa maciji daɗi ke nan. Ɗakin kwano kuwa maƙiyin ɗan tsako ne: da azahar tanderu, da asuba randa. Wanda ba ya da wani ɗaki sai na kwano, ya shimfiɗa kara ko zana bisa rufin, da kauri.

Cikin ɗakin ku yi da'ira da zana ko kwali, tsayinta kamu guda, watau santimeta 45 zuwa 50. Ga ƴan tsaki 50, faɗin da'irar ya kai kamu 3, a riƙa buɗa ta suna girma. Na ce da'ira, ban ce mai kusurwa huɗu ba. In sanyi ko tsoro ya kama su, kusurwa suke nufa, su hau juna, na ƙasa su mutu don rashin numfashi. Zanar kuma tana tare iskar da ke bin ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa. Mutum yana tsaye ba ya jin wannan iska. Ku durƙusa, ku jiƙa yatsa, ku aje shi ƙasa, za ku ji ta.

Kada su kwanta bisa ƙasa tsirara, balle siminti. Ku shimfiɗa ƙaiƙayin hatsi, ko ɓawon gujiya, ko busasshiyar ciyawa yankakkiya, kaurin yatsu 3 zuwa 4. Kwanakin fari ku rufa tsohon buhun algarara ko tsumma bisa shimfiɗar, don kada su ci ƙaiƙayi maimakon abinci. Kada a shimfiɗa leda ko abu mai santsi, ƙafafun ɗiyan zabbi na buɗewa su gurgunce. Duk inda ya jiƙe, a kwashe a sa sabo ran nan.

Ku toshe ramuka. Wuri mai ɗumi ba ƴan tsaki kaɗai yake kira ba. Kusu na zuwa, gamsheƙa ma na zuwa.

Tukunyar garwashi

Ku sami tukunyar ƙasa matsakaiciya. Ku huda ƙananan ramuka kewaye da wuyanta don iska. Ku zuba rairayi a gindinta, kaurin tafin hannu. Ku hura gawayi a waje, ba cikin ɗaki ba, har ya kama sarai, ya yi ja, hayaƙi ya ƙare. Sa'an nan ku kwashe garwashin ku zuba bisa rairayin, ku barbaɗa toka a kai don ya ci a hankali, ku rufe da kasko. Ku ɗora tukunyar bisa duwatsu 3, ku share ƙaiƙayi daga ƙarƙashinta, ku kewaye ta da waya ko da duwatsu don kada ɗan tsako ya manna jikinsa. Masu mesa sun san wannan: dabbar da ke jin sanyi tana iya kwanciya bisa abin da ke ƙona ta ba ta tashi ba.

Ga wurin da nake so ku riƙe da kyau. Tukunyar nan a gefe guda za ku aje ta, ba tsakiyar ƙaramin wuri ba. Dole a sami inda ɗan tsako zai gudu in zafi ya ishe shi. Abinci da ruwa a aje su tsakanin gefen ɗumi da gefen sanyi.

Ni kaina na yi wannan kuskure shekarar da na fara aiki. Na aje ɗiyan zabbi 22 cikin kwali, na sa fitilar ƙwai a tsakiya, na rufe kwalin da bargo don ina tausayinsu. Da asuba na tarar 9 sun mutu, bakinsu buɗe, sauran suna haki a kusurwa. Na karanta littattafai a makaranta, amma ban bar musu wurin gudu ba, ban bar musu iska ba. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙo ta ce: « Malam, dafa su ka yi. » Ban sami abin cewa ba.

Maganar iska ba ƙarama ba ce. Garwashi cikin rufaffen ɗaki yana fitar da wata guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Tana kashe ƴan tsaki, tana kashe mutane. Kowace shekara cikin ɗari ana jin labarin waɗanda suka kwana da murhu a ɗaki ba su tashi ba. Ku bar taga ta sama a buɗe, ko wata kafa kusa da rufi. Iska ta fita ta sama, kada ta bi ta ƙasa. Kada yaro ya kwana ɗakin da tukunyar garwashi take. In kun shiga kun ji kanku na sarawa, ku buɗe ƙofa nan da nan.

Sanyin dare ya fi ƙarfi gab da fitowar rana, ba tsakar dare ba. Wannan kuwa shi ne lokacin da garwashin da aka zuba bayan isha'i ya mutu. Saboda haka sau biyu ake duba tukunya: lokacin kwanciya, da kafin kiran sallar asuba. Kowace tukunya da halinta. Ku gwada taku dare 2 ko 3 kafin ƴan tsaki su zo, ku san awa nawa take riƙe zafi. Ran da za su zo, ku ɗumama wurin tun da wuri, shimfiɗar kanta ta yi ɗumi.

In babu gawayi

Gawayi na da tsada, icce kuma ba mu da shi da yawa a Adar. Amma muna da duwatsu, Allah ya hore mana su har sun yi yawa. Bayan an sauke tuwon dare, ku jera duwatsu 3 ko 4 masu girman kan mutum a bakin murhu su sha zafi. Ku naɗe su da tsumma, ku aje gefen ɗumi. Kada a jefa jiƙaƙƙen dutse cikin wuta, yana iya fashewa. Bido ko kwalba cike da ruwan zafi, an toshe da kyau an naɗe da tsumma, ita ma tana yi. Ruwa na riƙe zafi ƙwarai. Waɗannan ba guba, ba gobara. Aibinsu dai suna hucewa, sai an sake da asuba.

Fitilar ƙwai mai kananzir tana isar ƴan tsaki kaɗan. A kafa ta yadda ba za ta faɗi ba, nesa da zana.

Wata dabara kuma an gwada ta a Jimma ta ƙasar Habasha, ta bazu can cikin ƙauyuka. Akwati ne aka cusa busasshiyar ciyawa cikin bangonsa, aka rufe samansa da buhu, da ƴan ramukan iska. Ba wuta ko kaɗan. Ɗumin jikin ƴan tsakin ne ke taruwa, ciyawa ta hana shi fita. Da rana a fito da su wani ɗan shinge su ci su sha. Muna iya yin irinsa da kwando biyu, ƙarami cikin babba, a cusa ciyawa tsakaninsu. A ganina wannan ya dace da damana da kaka. Cikin tsananin ɗari ku haɗa da dutse mai ɗumi a makon fari. Kuma yana bukatar ƴan tsaki 10 ko fiye; guda 3 ba su iya ɗumama kwando.

Abu guda ku kiyaye. Fitilun zamanin nan masu farin haske, na sola da na batir, haske kawai suke bayarwa, ba su da zafi. Na shiga gidaje na ga an rataya wa ƴan tsaki irinsu, mai gida na cewa ya sa musu wuta. Ku taɓa ƙwan da hannu: in bai ɗumama hannunku ba, ba zai ɗumama ɗan tsako ba. Mutanen birni masu lantarki su nemi ƙwan ɗumi na musamman, kuma su aje tukunya kusa, domin wuta na iya ɗaukewa cikin dare, musamman daren hadari.

Ƴan tsaki su ne ma'auni

Ma'aunin zafi na jiki, irin na likita, ba na wannan aiki ba ne. Akwai na bango mai nuna daga 0 zuwa 50. Wanda ya samu ya saya, ko ƙungiya ta sayi guda a riƙa karɓa-karɓa. A aje shi ƙasa, kamar taƙi guda daga tukunya, ba bisa bango ba. Zafi sama yake tashi, saboda haka abin da fuskarku ke ji kuna tsaye ba shi ne ɗan tsako ke ji ba.

Wanda ba ya da ma'auni kada ya damu. Ya zauna shiru, ya duba.

In sun taru sun hau juna jikin tukunya, suna kuka mai ƙarfi ba tsayawa, sanyi suke ji. In sun guje ta sun manne da zana, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In duka sun koma ɓangare guda sun bar wani fili, iska ce ke shigowa ta wannan filin. Ku nemi kafar ku toshe. In kuwa sun bazu, wasu na ci, wasu na sha, wasu na barci sun miƙe wuya, kuka ƙasa ƙasa, to an dace. Da dare ku saurara daga ƙofa. Ɗakin da aka dace shiru yake.

In kun tarar da wanda ya sandare, kada ku yar da shi, kada kuma ku kanga shi a wuta. Ku share ruwan jikinsa, ku naɗe shi da tsumma, ku sa shi cikin riga jikin fatarku. Sau da yawa za ku ji ya motsa. In ya farfaɗo, ku ɗiga masa ruwa mai ɗumi da ɗan sukari a bakin baki, digo digo.

Ruwan shansu kada ya zama na randa mai sanyi. A zuba cikin faranti marar zurfi, a jera tsakuwa ciki, su sha tsakanin tsakuwa ba su jiƙe ba. Ɗan zabo na iya nutsewa cikin ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba.

Bazara

Cikin Afrilu da Mayu magana ta juya. Zafi a Tawa na wuce digiri 41 a inuwa. Tsuntsu ba ya gumi, da haki yake rage zafi, kuma in wuri ya kai zafin jikinsa haki ba ya isa. A wannan lokaci ba a sa garwashi da rana. A buɗe tagogi, a sa su inda inuwa mai kauri take, a sake ruwa sau da yawa, a aje randa mai raɓa a gefe guda su jingina. Wanda zai ɗauko ƴan tsaki daga kasuwar Tawa ko ta Badagishiri, ya yi tafiya da sassafe ko da marece, kwali da ramuka, kada a ɗaure shi bisa rufin mota.

Ɗumi ba ya maye gurbin riga-kafi. Annobar kajin nan ta lokacin ɗari, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, ba ta da magani in ta shigo, amma tana da riga-kafi. Ku nemi ma'aikacin kiwo na garinku kafin sanyi ya faɗo.

Aikin gida

Tun da kun iya rubutu da lissafi, ga aiki. Ku ja layi cikin littafinku, ku yi gida 4: kwanan wata, nawa ke raye da safe, nawa suka mutu, da yadda daren ya kasance (ruwa, iska, sanyi, ko tukunya ta mutu). Ku riƙa cikawa har mako 6. Daga ƙarshe ku duba ko mutuwar ta bi bayan waɗanne darare.

Sa'an nan ku yi wannan lissafi. A ce mata biyu kowace ta ƙyanƙyashe ɗiyan zabbi 20. Ta fari ta sake su, 5 suka rayu. Ta biyu ta riƙe su da ɗumi, 14 suka rayu, amma ta kashe jikka 2 wajen gawayi da dussa. A ce zabo guda jikka 3 ne. Ku sa farashin kasuwarku in ya bambanta. Nawa ta fari ta samu? Nawa ya rage wa ta biyu bayan an cire abin da ta kashe?

Ku kawo amsarku da littafinku ran taron masu sauraro, ko ku ba malamin gona na yankinku ya aiko mana gidan rediyo. Wanda ya gwada dutse ko kwandon ciyawa, ya rubuta ko dare nawa ya yi da shi, da ko ƙarfe nawa ya tarar ya huce.